Asalin Dankalin Turawa da Yawan Ire-irensa

Mu a nan dankalin Turawa mu ke ce da shi, amma Turawan ba su san shi ba sai wajen shekarar 1570, sa'ad da mutanen Sifen suka kai shi ƙasarsu. Asalinsa duwatsun Andis ne, a Amurka ta Kudu, kewayen wani babban tafki da a ke kira Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, wurin da ya yi wajen ƙafa 12,500 bisa teku. Can aka fara noma shi, yau fiye da shekara 7,000 ke nan.

Ire-iren da manoman duwatsun nan ke riƙe da su sun haura 4,000. Akwai ja, akwai rawaya, akwai baƙi ƙirin, wani dogo kamar yatsa, wani curarre. Manomi guda ya kan cakuɗa iri masu yawa cikin gona ɗaya, kuma ba da ganganci ba, gama in sanyi ya kashe wani, ko ciwo ya kama wani, sauran su kan tsira, gida ba ya kwana da yunwa. Can ƙwanƙolin dutse, inda ruwa ke daskarewa da dare, iri masu ɗaci kaɗai ke jurewa. Su a kan shanya a sarari, sanyi ya daskarar da su, rana ta narkar, a tattake ruwan da ƙafa, su bushe su yi shekaru a rumbu.

Masana sun duba 'yan zarurrukan nan na cikin ƙwayoyin tsiro masu ɗauke da halin gado, watau kuromosom, suka tarar wani iri 24 gare shi, wani 36, wani 48, wani har 60. A 2007 an gwada iri 742 na gargajiya, aka ga na kudancin Chile, wajen tsibirin Chiloe, zuriyarsu ta ware daga ta duwatsu. Su sun saba da doguwar ranar bazara irin ta Turai, shi ya sa galibin dankalin da duniya ke nomawa yau jininsu ne. Ashe reshe guda aka ɗauko, aka bar itacen can. Tun 1971 akwai cibiyar binciken dankali a Lima, babban birnin Peru, mai adana dubban ire-iren.

Abin da ya kamata hakimai da malamansu su lura da shi ke nan: dankali ba da ƙwaya a ke shuka shi ba, da 'ya'yansa ne, saboda haka gonar iri ɗaya tamkar tsiro guda ce, ciwon da ya iya ɗaya ya iya duka. Haka ta faru a Ailan a 1845, inda talakawa suka dogara ga iri ɗaya. Ciwon ruɓar ganye ya shiga, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan guda. Ciwon nan kuwa shi ne har yanzu ke addabar gonakin Bokkos da Mangu a tudun Jos, duk daminar da ruwa da hazo suka yi yawa.