Wai Gani Ya Kori Ji?

Na gaji da wani hali na mutanenmu. A turo hoton gawa a WhatsApp, a rubuta "yanzu-yanzu" a ƙasa, kafin ka ce kwabo ya zaga gari. In ka yi magana a ce maka, "Malam, ai gani ya kori ji."

Hoto yana da ƙarfi, ba musu. Magana sai ta bi ta kunne hankali ya auna ta, shi kuwa hoto kai tsaye yake faɗawa zuciya. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa tsohuwar da ba ta karatu take gane tsintsiya ko lema a takardar zaɓe.

Amma wa ya ce hoto ba ya ƙarya? Mai ɗauka ne ke zaɓar inda zai tsaya, da abin da zai bari a waje. Mutum ɗari a lungu, in an matso da kyamara, sai su zama taron dubbai. Tun kafin kwamfuta ma ana wannan aika-aika: bayan an kashe wani mai suna Nikolai Yezhov a 1940, gwamnatin Stalin ta goge shi daga hoton da yake tare da Stalin a bakin ruwa, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Mafi muni shi ne hoton gaskiya da aka liƙa wa labarin ƙarya. A watan Yunin 2018 an yaɗa wasu hotuna masu tayar da hankali a Facebook, wai na kashe-kashen Gashish ne a Filato. Binciken BBC ya gano wani bidiyo da ke cikinsu tun 2012 aka ɗauke shi, a Kongo-Brazzaville. Washegarin ranar da aka yaɗa su aka tare hanya a Jos, aka kashe mutum 11. Waɗanda suka danna turawa ba su riƙe adda ba, amma ai da hannunsu.

Don Allah, kafin ka tura, buɗe hoton sosai. Dubi lambar mota, dubi rubutun allon shago: da Faransanci ne? Kakin 'yan sandan namu ne? An ce jiya ne, ga ciyawa shar alhali muna tsakiyar rani? Saka shi a Google Lens, zai iya nuna maka inda ya taɓa fitowa, minti biyu ya isa. Sannan tambayi wanda ya turo: wa ya ɗauka, a ina? In ya ce "ni ma turo min aka yi", goge shi.