Awon Ciki Kyauta a Asibitin Unguwa: Yadda Za Ki Gane Mai Inganci

Uwargida mai juna biyu, idan kin ji shelar gwajin lafiya kyauta a ƙaramin asibitin unguwarku, ki je, kada ki raina shi don ba a biyan kuɗi. Sai dai ki lura da abin da aka yi miki, domin wani awon suna ne kawai.

Da farko, a auna jininki kina zaune, bayan kin ɗan huta. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce, musamman bayan mako 20, a gwada fitsarinki. Hawan jini na iya shiga ba tare da kin ji komai ba, har ya kai ga jijjiga, wadda ke halaka uwa da jariri.

Na biyu, a ɗebi jini a duba yawansa. Ƙasa da 11 ƙarancin jini ne ga mai ciki. A kuma gwada ƙanjamau, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Dukkansu uwa na iya sa wa jariri, kuma akwai hanyar kare shi idan an gano da wuri. Ki tabbatar sabuwar allura aka ɓare a gabanki.

Na uku, a faɗa miki sakamakon a keɓe, a rubuta a katin awonki. Gwajin da ba a yi bayaninsa ba, ba a ba da magani ba, ba a kuma ba da takardar zuwa babban asibiti ba, bai gama aikinsa ba. Ki tambayi malamar asibiti: me aka gani, yaushe zan dawo?

Gwajin yini ɗaya ba ya maye gurbin awo. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma a yi hoton ciki kafin mako 24.

Maigida, naka aikin shi ne izini tun kafin buƙata ta taso, da tanadin kuɗin mota. Idan ka ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko kumburin fuska, ka kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya sauke ku lafiya, amin.