Kafin ka sayi dashen balakberi marar ƙaya, tsaya ka ji

Idan kana leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka ci karo da hoton wasu 'ya'yan itace baƙaƙe sul, masu cure-cure, da ake tsinka a bayan gida ba. Balakberi ake ce musu, ba wayar BlackBerry da yayyenka suka yi yayi ba. Masu talla kan ce wannan iri ba shi da ƙaya, ko a bokiti ma zai yi. Gaskiya ne, akwai irin. Jami'ar Arkansas ta Amurka ta daɗe tana fitar da shi, kamar Natchez da Prime-Ark Freedom da ta fitar a 2013. Amma kafin ka tura kuɗinka, tambayi kanka: zai yi 'ya'ya a Fagge?

Matsalar tana ga sanyi. Yawancin irin balakberi sai ya kwana cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba na ɗaruruwan awanni kafin ya farka ya yi fure sosai. Hunturun Kano, duk da ihun da muke yi a Disamba da Janairu, da wuya ya sauka can. Ga kuma zafin Afrilu da ke kai wa digiri 40, mai ƙona ganye da 'ya'ya. Sai ka yi ta sayen jarkar ruwa a hannun 'yan garuwa, ƙarshe ganye kawai za ka gani.

To, in hagu ta ƙiya sai a koma dama. Akwai malberi, wanda Larabawa ke kira tut. 'Ya'yansa sun yi kama da balakberi har mutane kan rikita su, ba shi da ƙaya ko ɗaya, kuma irin da ya saba da ƙasashe masu zafi yana jure rana. Ba sai ka sayi iri mai tsada ba. Reshe ake yanka, mai kaurin fensir, tsawon kamar taki ɗaya, daga bishiyar da ka ga tana 'ya'ya da idonka. Wannan sharaɗin ka riƙe shi, domin akwai bishiyar da ba ta haihuwa.

Kada ƙuncin gida ya hana ka. Ko tsakar gidanku a Fagge siminti ne, ko a bene kake zaune a Sabon Gari, rabin duro ya ishe ka. Huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita, ka haɗa ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Dasa reshen a farkon damina, wajen Yuni ko Yuli, inda rana ke samunsa aƙalla awa shida. Duron ma rufin asiri ne, don saiwar malberi tana da ƙarfi, in ka dasa ta a ƙasa kusa da katanga ko masai, rigima ce da maigida ko mai haya.

Da rani, tara ruwan alwala da na wankin shinkafa ka ba shi, ban da mai sabulu. Ka tsare shi daga awaki, domin ganyensa abin marmarinsu ne. Bayan ya yi 'ya'ya ka rage masa rassa, saboda a sabon toho yake haihuwa.

Kada ka sa ran kai shi 'Yan Lemo ka yi kuɗi. Nunannen malberi ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu ba tare da firji ba, kuma yana rina hannu da farar shadda. Na ci ne a gida, ko a markaɗa a zuba cikin zoɓo ko kindirmo. In akwai ciniki a nan, to a dashen yake: bishiya ɗaya za ta ba ka rassan da za ka raina a leda ka sayar wa maƙwabta damina mai zuwa.