Farin Ruwa: Tafiyar Yini Guda da Hanya Ta Mayar Aiki

Wanda ya bar Lafiya bayan sallar asuba, ya bi tagwayen hanyar da ta ratsa Nasarawa Eggon zuwa Akwanga, kafin rana ta yi zafi ya isa Wamba. Daga Lafiya zuwa magangarar ruwa ta Farin Ruwa kimanin kilomita 120 ne, kuma mafi yawansu kwalta ce. Kilomita 30 na ƙarshe, daga Wamba ta Sisinbaki zuwa ƙauyukan gindin dutse, su ne ke yanke hukuncin ko mutum zai kwana a gidansa.

Ruwan yana gangarowa ne daga tsaunukan Filato, ya faɗo daga tsayin kusan mita 150, faɗinsa kuwa wajen mita 50. Shahararriyar magangarar ruwan Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayinta mita 108 ne kawai, ko da yake ta fi tamu faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Tun kana cikin daji, ba ka ga komai ba, rugugin zai fara cika maka kunne. Idan ka matso, feshin ruwan ne zai tarbe ka, ya jiƙa riga, ya lulluɓe gilashin waya, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji abin da kake faɗa. Duwatsun bakin tafkin da ruwan ke zubowa baƙaƙe ne, gansakuka ta rufe su, santsinsu kamar an shafa musu miyar kuɓewa. Mai silifas ya fi kowa shan wuya a nan.

Ita kanta tafiyar ƙafar da ake yi zuwa gindin ruwan ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ko dattijon da ya saba zuwa gona ba. Inuwa ce mafi yawa, sai ɗan hawa da gangara. Matsalar tana wani wuri. Lokacin da ruwan ya fi cika da ban sha'awa, wato tsakiyar damina, a lokacin ne rafukan kan hanya suke kawowa, ƙaramar mota ta tsaya, a koma neman ɗan acaɓa. Za ka ga fasinja ya sauka, ya naɗe wando zuwa gwiwa, takalmi a hannu, mai babur na turawa yana cewa, "Alhaji, bi ta nan, can da zurfi." Da rani kuma hanya ta bushe, amma ruwan ya ja baya. Saboda haka masu sanin wurin suka fi son ƙarshen damina zuwa farkon kaka.

Don kwatanci, a can ƙarshen kudancin duniya, a Ajantina, akwai gandun dajin ƙasa na Tiyera del Fuwego da aka kafa a 1960, kilomita 12 kacal daga birnin Ushuwaya. Ƙasa ce mai sanyi da iska, kusa da yankin ƙanƙara na Antatika, inda ko a watan Janairu, tsakiyar bazararsu, sai da rigar sanyi. Duk da haka tsofaffi da yara kan shiga da safe, su taka hanyar bakin teku mai tsawon kilomita 8, su koma gari kafin dare. Yanayinsu bai fi namu daɗi ba. Abin da suke da shi shi ne mota mai kai mutum har bakin hanya, allon da ke faɗin tsawon kowace hanya da awannin da za ta ci, da ma'aikacin da ke rufe ta idan ta yi haɗari. Sauƙin da baƙo yake ji aikin hukuma ne.

Mu ma ba a rasa yunƙuri ba. Bayan ƙirƙiro jihar Nasarawa daga Filato a 1996, gwamnatin Abdullahi Adamu, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta gina ɗakunan saukar baƙi a Farin Ruwa, ta kuma soma aikin madatsar ruwa don samar da lantarki. Ɗakunan sun daɗe a kulle, ciyawa na cin su. A ganina an fara da rufi ne kafin harsashi: baƙon da zai yini ya koma bai damu da gado ba, gada yake nema a kan rafi.

A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, cikinsu har da dajin Marhai da ke wannan yanki na Wamba, da Pandam na Filato da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da Falgore na Kano. Idan hukumar gandayen ta zauna da gindinta a Marhai, abubuwan da ya kamata ta fara sawa a gaba ƙanana ne: kwalbati a mashigan rafi, alamomi a kan hanya, masu gadi don hankalin matafiyi ya kwanta, da horar da samarin ƙauyukan da tun asali su ne 'yan jagora, a tsayar musu da kuɗin rakiya sananne maimakon ciniki a tsakiyar daji.

Kafin a kai ga haka, mai niyyar zuwa ya tafi cikin ayari, ya tambayi labarin hanya a tashar Wamba, ya ɗauki ruwan sha da guzuri, ya kuma juyo tun la'asar sakaliya ba ta yi ba.