Daidaita Eriya da Wayarta a Bana

A Bana, cikin yankin Gaya na jihar Dosso, inda iyakokin Nijar, Benin da Najeriya suke kusa da juna, mai son kama tasha ta nesa yakan dogara ga eriya mai fuskantar gefe guda, irin wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Sai dai doguwar gora da kyakkyawan saiti ba sa wadatarwa idan turjiyar eriya, wato tsayayyarta ga sigina mai kai-komo, wadda ake aunawa da om, ta saɓa da ta wayar kowaks, mai zaren tagulla a tsakiya da raga kewaye da shi.

Wayar talabijin om 75 ce, ta na'urorin sadarwa kuwa 50, alhali naɗaɗɗen hannun eriya yakan kai 300. Idan aka haɗa 300 da 75 kai tsaye, kashi 36 cikin ɗari na ƙarfin sigina yakan koma baya, asarar da balun, ƙaramar na'ura mai mayar da turjiya rubu'inta, take magancewa. Haɗa 50 da 75 kashi 4 kawai yake ɓatarwa, don haka ruwan da ke shiga mahaɗar waya da damina, a yankin da ya fi sauran Nijar samun ruwan sama, ya fi cancantar kulawar mai gyara.