Sabunta BIOS da Matsalar Wuta a Tsohuwar Kwamfuta

A jikin babban allon kowace kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod ko bod a taƙaice, akwai wani ɗan baƙin guntu da bai wuce ƙwayar wake ba, mai ƙafa takwas a yawancin injinan da ke hannun jama'a yau. A cikinsa aka rubuta manhajar da ke fara farkawa idan an danna maɓallin kunnawa, tun kafin Windows ta motsa. Sunanta BIOS. Ita ke duba firosesa da ram da madannai da rumbun ajiya, in ta ga komai lafiya sai ta miƙa ragama. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975, kwamfutar IBM ta 1981 kuma ta yaɗa shi a duniya. Injinan baya-bayan nan suna ɗauke da magajiyarta mai suna UEFI, amma a bakin masu gyara duk BIOS ake cewa.

Aikinta bai ƙare da kunnawa ba, har da kashewa. Kwamfutocin farko makunninsu irin na fitila ne, hannun mutum ke yanke wutar. Shi ya sa Windows 95 idan ta gama rufe ayyukanta takan tsaya da wani rubutu a fuska tana sanar da cewa yanzu ana iya kashewa, sai mai ita ya miƙa yatsa. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, inda akwatin wuta ke karɓar umarni daga bod ta wata koriyar waya, wata waya mai launin shunayya kuma tana riƙe da ɗan wutar jiran aiki mai bolt 5 ko da injin a kashe yake. Daga nan kashewa ta zama magana tsakanin Windows da BIOS. Harshen da suka fara magana da shi APM ne, na 1992, sai ACPI ya gaje shi a ƙarshen 1996, wanda Intel da Microsoft da Toshiba suka tsara. BIOS na ɗauke da wasu jadawalai da ke gaya wa Windows yadda za ta yanke wuta, yadda za ta sa injin barci, da zafin da in an kai shi dole a tsaya. Kuskure ɗaya a cikin jadawalan nan ya isa ya hargitsa lamarin.

A Azare, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum irin su Gamawa da Yana da Giyaɗe, kwamfutocin da ke aiki a shagunan buga takardu da cibiyoyin rajistar jarrabawa galibi na hannu ne, waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka shigo ta Legas, suka biyo ta kasuwannin Kano kamar Titin Beirut. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015 buƙatar irin waɗannan injina ta ƙaru, ga kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar jiha da ke Gadau masu neman laftof mai sauƙin kuɗi don rubuta furojet. Da yawansu Dell ne da HP da Lenovo, kuma sau da yawa BIOS ɗin da ke cikinsu shi ne wanda suka baro masana'anta da shi, alhali kamfanin ya fitar da gyare-gyare da dama bayan haka.

Koke iri biyu ake kawo wa mai gyara, kuma a baki suna kama da juna domin duka ana cewa matsalar wuta ce. Na farko, kwamfuta ta ƙi mutuwa: an ba ta umarnin kashewa, fuska ta yi baƙi, amma fanka na ci gaba da juyawa, fitilar gaba na ci, sai an danne maɓalli na daƙiƙa huɗu ko fiye. Wani lokaci ma maimakon ta mutu sai ta sake tashi. Na biyu, kwamfuta ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki, ba sallama. Rarrabe su shi ne rabin gyaran, domin sabunta BIOS ya fi cin na farkon.

Ƙin mutuwa alama ce cewa Windows ta gama nata, amma umarnin yanke wutar bai isa inda aka aike shi ba. Bod ɗin ƙarshen shekarun 1990 sun yi suna da wannan, lokacin da ACPI ke sabo kamfanoni na ta tafka kurakurai a cikinsa. Abin ya kai Windows 2000 takan dubi ranar da aka rubuta BIOS kafin ta amince da shi: wanda ya girmi 1 ga Janairun 1999 ba ta yarda da ACPI ɗinsa sai in yana cikin jerin waɗanda aka tantance. A irin wannan injin sabon BIOS kan warware matsalar daga tushe, sai dai Windows 2000 da XP tun wajen girkawa suke zaɓar hanyar sarrafa wuta, don haka sau da yawa sai an sake girka su bayan sabuntawar kafin a ga canji. Daga Windows Vista zuwa sama kuwa ACPI wajibi ne. Irin wannan saɓani yakan sake ɓullowa idan aka ɗora Windows 10 a kan injin da aka ƙera don Windows 7. Amma kafin a taɓa BIOS akwai gwaji mai arha: tun Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri, wanda ke sa kashewa ta zama rabin barci, kuma cire alamarsa a saitin wuta yakan wadatar. Haka nan ana leƙa cikin BIOS a tabbatar an kunna ACPI, a kuma kashe farkawa ta wayar intanet ko ta USB, domin su kan tayar da injin da ya riga ya kwanta.

Mutuwa da kai kuwa, a ƙasar Katagum, zafi ne babban wanda ake tuhuma. Daga Maris zuwa Mayu zafin gari yakan haura digiri 40, shagon da aka rufa da kwano kuma ya fi haka. Firosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu, in abin bai lafa ba sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Wannan kariya ce aka gina da gangan. Duk wanda ya buɗe murfin injin da ya sha hunturu biyu a shagon bakin titin Kano zuwa Maiduguri zai ga dalilin: ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar bargo, ana iya ɗago ta da yatsa guda-guda, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya zama kamar alli. Buroshi da abin hura iska da ɗigon sabon mai sun fi kowace manhaja amfani a nan.

Bayan zafi sai wutar kanta. Ƙarancin ƙarfin lantarki, ƙaramin janareto da ke numfashi sama-sama duk lokacin da injin hoto ya ja wuta, da soket mai sako-sako, kowanne na iya kashe kwamfutar tebur nan take. Akwatin wutar da ya tsufa shi ma haka. A kan bod ɗin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 akwai wata sananniyar cuta ta kafasita, waɗancan ƙananan gwangwanayen da ke tsaye kusa da firosesa: mai lafiya kansa a shafe yake, mai ciwo kuwa ya kumbura, wani har da ɓawon ruwan ƙasa a samansa. Ba sabuntawar da ke warkar da wannan, sai canji. A laftof ana gwada cire batir a bar caja kaɗai. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda in ya mutu agogo kan koma baya, saitin BIOS ya goge. Inda sabuntawa ke taimaka wa mai mutuwa da kanta shi ne idan kamfani da kansa ya rubuta cewa sabon zubin ya gyara saurin fanka, ko karatun zafi, ko mu'amala da batir. Idan bayanin bai ambaci abin da ke damun injin ba, barin BIOS yadda yake ya fi.

Idan bincike ya nuna sabuntawar ce mafita, matakin farko shi ne sanin ainihin injin. Rubuta msinfo32 a Windows yana nuna sunan samfuri da zubin BIOS da ranarsa. Injinan Dell suna da lamba mai haruffa bakwai a liƙe a jikinsu, HP da Lenovo ma suna da tasu, kuma da ita ake nema a shafin kamfanin. A nan kayan gwanjo ke da tarko, domin akan tarar da bod ɗin wani samfuri a cikin akwatin wani, saboda haka abin da BIOS ya faɗa game da kansa ya fi abin da aka rubuta a murfi inganci. Fayil daga shafin kamfanin kaɗai ake ɗaukowa. Wanda aka tura ta WhatsApp ko aka kwafo daga filashin wani shago ba abin dogaro ba ne. Tsofaffin masu gyara na tuna ƙwayar cutar CIH, wadda a 26 ga Afrilun 1999 ta goge BIOS na ɗimbin kwamfutoci, musamman a Asiya. Wasu injinan kuma ba sa yarda a tsallake daga tsohon zubi zuwa na ƙarshe sai an bi ta na tsakiya, kuma bayanin kamfani kan faɗi haka.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a Azare shi ne wutar da ba za ta ɗauke ba. Aikin bai fi 'yan mintuna ba, amma a cikinsu ake goge tsohuwar manhaja a rubuta sabuwa, kuma in wuta ta yanke a tsakani injin ba zai san yadda zai tashi ba. Kwamfutar tebur sai a kan UPS mai lafiyayyen batir ko inbatar sola da ta cika. Laftof kuwa sai da batir mai caji da caja a jone, kuma manhajar sabuntawa takan ƙi farawa in batirin ya yi ƙasa. Injin da ke mutuwa da kansa saboda zafi ba a fara masa wannan aiki sai an share shi an ga ya jure awanni, in ba haka ba cutar da ake son magancewa ita za ta kashe shi a tsakiyar magani. Wanda ke da makullin BitLocker a rumbunsa yakan dakatar da shi tukuna.

Hanyoyin sun bambanta. Wasu fayilolin daga cikin Windows ake buɗe su, injin ya sake tashi ya ƙarasa da kansa. Wasu a filashi ake sa su a shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ko Del a bod ɗin haɗe-haɗe. Tsofaffi sosai sai da filashin da aka shirya da DOS. Yayin aikin fanka kan yi ƙara da ƙarfi, layin ci gaba ya tsaya cak kamar ya maƙale, fuska ta yi baƙi na ɗan lokaci, injin ya mutu ya tashi sau biyu ko uku. Nan ne mai gaggawa ke zare waya ya yi asara. Ana jira har sai tambarin kamfani ya dawo. Daga nan a shiga BIOS a mayar da saiti na asali, a gyara kwanan wata, a duba cewa tsarin rumbun ajiya bai canja daga yadda yake a da ba, domin canjinsa na hana Windows tashi. Sai a gwada kashewa sau da yawa.

Idan aka yi rashin sa'a aikin ya katse, ba lallai bod ɗin ya tafi ba. Laftof da yawa na HP suna farfaɗowa in an danne maɓallin Windows da B wajen kunnawa, na Dell na baya-bayan nan kuma da Ctrl da Esc, wasu bod ɗin Gigabyte ma guntu biyu gare su, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Tsofaffin da ba su da ko ɗaya sai a kai su ga mai gyaran da ke da na'urar rubuta guntu irin CH341A, wanda zai maƙale ƙafafun takwas da ɗan abin matsewa ko ya ciro guntun da iska mai zafi, ya kwafe abin da ya rage a ciki ya ajiye, sannan ya rubuta lafiyayyen fayil na wannan samfurin ya mayar.