Tiyatar Ƙawata Fatar Ido: Zare ko Wuƙa

Mutane da yawa a Japan da Koriya da Sin ana haihuwarsu ba su da ninkin nan da ke bayyana a fatar ido ta sama idan an buɗe ido. A shekarar 1896 wani likitan Japan, Mikamo, ya bayyana hanyar yin wannan ninki da zare. Daga nan aikin ya rabu gida biyu.

A hanyar zare, ƙananan huji ake yi, a ɗinke fata da naman da ke ɗaga ta. Kumburi yakan sace da wuri, tabo kuwa sai mai neman sa. Illarta ita ce ɗinkin kan saki bayan shekaru.

Hanyar wuƙa ta fi ɗorewa. Likita yakan tsaga fatar, ya rage ta, wani lokaci har da kitse. Ana cire zare bayan kwana 5 zuwa 7, amma tabon yakan yi ja na watanni kafin ya dushe. Dabarar ita ce a yi yankan daidai inda ninkin zai kwanta, domin ya ɓoye shi. Ko masu jikin da tabo ke yi wa tudu, ba safai yake yi musu a nan ba, domin babu fatar da ta kai wannan rashin kauri.

A ganina, ba tabo ne abin tsoro ba, yawan yanka ne. Likitoci sukan bar kimanin milimita 20 tsakanin gira da gashin ido. In aka zarce, ido ba ya rufuwa sarai ko cikin barci, sai ya bushe, har ya kai ga gyambo.